Yadda Ake Kwance Notin Salansar Injin Ban-Ruwa Idan Ya Yi Tsatsa

Tun daga lokacin shirin Fadama na farko, wanda ya fara aiki a shekarar 1993, ƙananan injinan ban-ruwa masu amfani da fetur suka yawaita a fadamun Kogin Jama'are da ke ƙasar Katagum. Sai dai manoma da dama kan ajiye injin duk tsawon damina, idan rani ya zo a tarar da salansa ta fashe, notinta kuma ya ƙi kwancewa. Garaje a nan yakan jawo asara, domin idan kusar ta karye a cikin kan injin, sai an kai shi wurin mai walda a Azare, alhali albasa da tumatir suna jiran ruwa.

Me ke sa noti ya kafe?

Salansa ita ce ɓangaren da ya fi ɗaukar zafi a waje. Zafi da sanyi da laima suna haddasa tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka sai ta cike tsakanin noti da kusa ta manne su. Bugu da ƙari, kusar ta ƙarfe ce, kan injin kuwa na alminiyom ne, wanda bai jure wa ƙarfin tsiya.

Matakan da za a bi

1. A kashe injin, a bari ya huce, a zare wayar filogi.
2. A goge tsatsar da buroshin waya.
3. A ɗiga man kwance tsatsa irin WD-40. Idan babu, a yi amfani da kananzir. A bar shi ya kwana, a ƙara da safe.
4. A ɗan bubbuga gefen notin da ƙaramar guduma don tsatsar ta farfashe.
5. A sa sifana mai zobe daidai da notin. A injin Honda GX160, lamba 12 ce. Sifana mai buɗaɗɗen baki ko filaya tana cinye kusurwoyin noti.
6. A fara ɗan ƙara ɗaure shi, sannan a sassauta. A riƙa kai da komowa a hankali, ana ƙara mai.

Idan duk da haka ya ƙi

Sai a koma ga wuta, amma a hannun bakanike. Wajibi ne a cire tankin fetur da kafireta tukuna, a goge man da aka zuba, a yi aikin a fili. Notin kaɗai za a gasa, domin ya buɗe ya saki kusar. Kada harshen wuta ya daɗe a kan alminiyom, domin yana narkewa a zafin da ya kai digiri 660 na ma'aunin Salshiyas. Idan kuma notin ya riga ya cinye, gara a tsaga shi da kurfi a sayi sabo, da a karya kusa.

Rigakafi

Wajen mayarwa, a sa sabon gasket da sabon noti, a shafa man hana kafewa mai jan ƙarfe a jikin kusar, a ɗaure daidai wa daida. A ƙarshen noman rani a ajiye injin a ɗaki busasshe, a bisa katako. Wannan hanya tana aiki ga tsohuwar tarakta da motar ɗaukar amfanin gona.

Ana shawartar malaman gona su tunatar da manoma su duba injinansu tun watan Oktoba, kafin a dasa iri.