Tsabtar Gari: Shara Kaɗai Ba Ta Korar Kwalara Daga Madarunfa

Duk wanda ke cin kasuwa tsakanin Maraɗi, Ɗan Isa da Jibiya ba zai manta da daminar 2018 ba. A farkon watan Yuli na shekarar aka kwantar da wasu mutum 3 da suka tsallako daga Jibiya ta jihar Katsina a asibitin N'Yalwa da ke gundumar Madarunfa, suna fama da amai da gudawa. Ranar 15 ga wata ma'aikatar kiwon lafiya ta tabbatar da cewa kwalara ce. Zuwa 1 ga Oktoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 3,692 da suka kamu a faɗin ƙasa, 68 suka riga mu gidan gaskiya, kuma Madarunfa ce ta fi ko'ina jin jiki. A 2021 cutar ta sake waiwayo jihar Maraɗi.

Ba wai gwamnati ta naɗe hannu ba ne. Tun 1993 aka kafa dokar tsabtar jama'a, a watan Nuwamba na 2014 kuma aka yi wadda ta haramta shigowa da leda marar kauri da sayar da ita, ko da yake duk wanda ya leƙa lambatun kasuwa ya san inda wannan doka ta kwana. Maƙwabtanmu na Nijeriya ma sun gwada nasu a zamanin Buhari da Idiagbon, lokacin da soja ke tilasta wa mutane fitowa shara.

Shirin da ya taɓa tushen matsalar shi ne wanda ake kira ATPC, da ya shigo Nijar a 2009. Ba a raba kuɗi ko siminti. Ana tara mutanen ƙauye su zagaya da ƙafarsu su ga inda ake bahaya a fili, su ga yadda ƙuda ke tashi daga can ya sauka a kan tuwo, sai kunya ta sa kowane maigida ya haƙa masai. Burin gwamnati shi ne a daina bahaya a fili kafin 2030. Dalili kuwa a fili yake: ƙwayar kwalara a cikin kashin mai cutar take, ruwan sama ya kwashe ta zuwa rijiya, gulbi ko tafki. Tsintsiya ba ta kai nan.

To amma shirin gida-gida yake bi, alhali 'yar kasuwa ba a gida take wuni ba. Mai fura da nono da ta fito tun hantsi da goyo, ina za ta zaga? Da wane ruwa mai tuwo-tuwo za ta wanke kwanoni? A ganinmu nan ne gyaran ya rage. Tunda duk ranar kasuwa ana yankar tikiti, shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata na da bakin zuwa wurin magajin gari su nemi masai na mata daban, na maza daban, da famfo kusa, da wanda zai riƙa wankewa, domin masan da ba mai kula da shi mako guda ya isa a ƙaurace masa.

Kafin nan, mai abinci ta rufe kayanta, ta ajiye buta da sabulu a gaban rumfa, ta jefa ƙwayar Aquatabs a ruwan sha. Wanda gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya, a garzaya da shi asibiti, domin cutar na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i kaɗan.