Wuƙa Biyu a Aljihu Ɗaya

A Amurka da Turai akwai mutanen da ba sa fita daga gida sai da wuƙar aljihu biyu. Ɗaya tana maƙale a bakin aljihun wando, ɗayar tana can ƙasa cikin makullai da canji. Wanda bai san dawan garin ba zai ce ɓarnar kuɗi ce, ai wuƙa wuƙa ce. Masu abin kuwa cewa suke yi kowace da ranarta.

Ta ƙasan aljihun ita ce ta gargajiya. Sau da yawa Opinel ce, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie na Faransa a 1890, mai mariƙin itace da siririn ruwa. Ba'amurke zai fi son ta kamfanin Case na garin Bradford a jihar Pennsylvania, mai mariƙin ƙashi da ruwa biyu ko uku, wadda sai an sa farce ake buɗewa. Irin waɗannan wuƙaƙe ba baƙi ba ne a Afirka. Douk-Douk, da aka fara yi a garin Thiers na Faransa a 1929 don tsibiran tekun Pasifik, ba ta yi kasuwa a can ba, sai a Arewacin Afirka ta samu karɓuwa.

Ta zamani yarinya ce a kansu. A 1981 Sal Glesser, mai kamfanin Spyderco, ya fito da wuƙa mai suna Worker. Ya huda rami a jikin ruwanta don babban yatsa ya tura ta buɗe, ya kuma sa mata maƙali na kama bakin aljihu. Mutumin da ke kan tsani, hannu ɗaya riƙe da igiya, zai zaro ta, ya buɗe, ya yanka, ya mayar, bai saki igiyar ba. Idan ta buɗe akwai sakata da ke kulle ta, don kada ta rufe a kan yatsu.

To me ya sa ba ta kori tsohuwar ba? Kaurin ruwa ne. Yawancin na zamani masu kauri ne, an yi su don yaga kwali da yanke igiya da roba. Wuƙar da ta wuni tana shan gam ɗin kwali, babu mai son fere mangwaro da ita. Siririn ruwan ta gargajiya shi ke ratsa tuffa ko nama ba tare da ya farfasa ba. Ƙarfenta, idan irin na da ne, yana dakushewa da wuri, amma shafa kaɗan a dutse ya dawo da kaifi. Aibinsa tsatsa: a bar shi da lema, gobe a ga ja.

Sai kuma idon jama'a. Baƙar wuƙa da ta buɗe da ƙara "ƙas" a ofis tana sa a ja da baya. Ƙaramar mai mariƙin ƙashi kuwa sai dai wani ya ce kakansa ma yana da irinta. Gaskiya dai, sha'awa ma na da nata kaso a wannan ɗabi'a, ko da masu yi ba su faɗa ba.

Doka ta fi kowa iya rabon aikin. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa idan ruwanta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa. In ba haka ba, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Abin mamaki, Opinel lamba 8 ta faɗi a duka biyun: ruwanta santimita 8.5 ne, wato ya wuce inci 3, kuma tun 1955 aka ƙara mata zoben kullewa. Jamus ma tun 2008 ta hana yawo da wuƙar da ake buɗewa da hannu ɗaya kuma take kullewa. Saboda dokar Ingila ne Spyderco ya ƙera wata mai suna UK Penknife: tana da ramin yatsa da maƙalin aljihu, amma babu sakata, kuma ruwanta bai kai inci 3 ba.