Tozali, Rini da Ƙwaƙwalwar Jariri

Tun a shekarar 1907, lokacin da wani masani Ba'amurke mai suna Ross Harrison ya ɗebi ɗan yanki daga lakar ɗan tayin kwaɗo, ya ajiye shi cikin ɗigon ruwan jiki, ya ga da idonsa zaren jijiya yana tsirowa yana miƙewa, masana ilmin likitanci suka sami hanyar da za su jarraba kowane irin dafi a kan jijiya mai rai ba tare da sun taɓa ɗan Adam ba. Ana renon ƙwayoyin jijiya a faranti, a ɗiga musu rini ko maganin ƙwari ko dalma, sa'an nan a auna tsawon rassan da suka fitar. Kuma abin da ya bayyana shi ne, miƙidarin da bai isa ya kashe ƙwaya ba yakan isa ya tauye rassanta, alhali kuwa da waɗannan rassa ne take sadarwa da 'yan'uwanta, kuma a kan wannan sadarwa aka gina harda da fahimta.

Wannan mas'ala ba ta tsaya a ɗakin gwaji ba. A 2010, yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Mu kuwa a ƙasar Gumel, daga kasuwar Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, hatsarin ya fi ɓoyuwa, domin yana cikin tozalin dutse da 'yan koli ke sayarwa, wanda galibinsa ma'adinin dalma ne, ana kuwa rambaɗa wa jarirai tun kafin suna. Hatsarin yana kuma cikin maganin ƙwari na piya-piya da wasu ke zuba wa wake a rumbu, wanda aikinsa tsayar da sinadarin da ke sassauta jijiya bayan ta isar da saƙo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ba a san wani ƙadarin dalma da ba ya cutar da yaro ba. Tun da yake malaman usulu sun lissafa kiyaye hankali cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, wajibi ne limamai da ungozomomi su faɗakar da iyaye mata, hukuma kuma ta riƙa gwada tozalin kasuwa kafin a sayar.