Yadda Za Ka Fara Ɗaukar Hoto Da Kyamara Mai Sauƙin Kuɗi

 Tambayar da ta fi yawan zuwa min 'yan kwanakin nan ita ce: "Ina son in fara ɗaukar hoto irin na fostar fim ko na mawaƙa, amma kuɗina kaɗan ne, wace kyamara zan saya?" To yau zan amsa, har ma in ɗora da abin da za ka yi bayan kyamarar ta shigo hannunka. Don wallahi abin takaici ne mutum ya tara kuɗin wata da watanni, ya sayo kaya mai matsala, ko ya sayo mai kyau ya rasa yadda zai sarrafa ta har ta koma cikin durowa.

Wace kyamara?

Idan aljihu bai da nauyi, ka nemi ta hannu, wadda ake cewa tokumbo. Waɗanda nake ba da shawara a kansu su ne Canon 600D (ta fito a 2011), Canon 1200D (2014) da Nikon D3200 (2012). Canon ɗin biyu megafiksal 18 gare su, Nikon ɗin kuma 24. Kar lambar ta ruɗe ka, 18 ma ta isa a wanke babban hoton bango ba tare da ya fashe ba. Duk ukun suna ɗaukar bidiyo 1080p. Ita 600D tana da ƙarin wani abu: allonta yana juyawa, kuma tana da wurin saƙala makirfo, don haka idan kana da burin gwada bidiyon waƙa ko gajeren barkwanci nan gaba, ita ce zaɓina.

Farashi yana tafiya ne da dala, saboda haka ka zaga shago uku ko huɗu ka ji bakin kowa kafin ka ciro kuɗi. Kuma kar ka saya ta intanet ba tare da ka riƙe ta a hannunka ba.

Abin da za ka duba kafin ka biya

Nan ne ake cutar mutane, sai a nutsu.

Na farko, adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. A cikin kyamara akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka danna, shi ake kira shota, kuma yana tsufa. Irin waɗannan ƙananan ana ƙiyasta musu ɗauka wajen 100,000. A Nikon adadin yana ɓoye a cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan da ke karanto shi. A Canon sai an haɗa ta da kwamfuta. Wadda ta yi shekaru tana aikin biki kullum ta kusa gajiya, ko da jikinta na sheƙi.

Na biyu, ka cire lensi ka haska cikinsa da tocilan waya. Idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashin, fumfuna ce, ka ajiye musu kayansu.

Na uku, ka saita ta a f/22 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, sannan ka zuƙo hoton. Ɗigo-ɗigon da za ka gani ƙura ce a kan sensa. Kaɗan ana gogewa, amma idan layi ne ko tabo babba, ka haƙura da ita.

Na huɗu, batir da caja. Na 600D sunansa LP-E8, na 1200D LP-E10, na D3200 kuma EN-EL14. Ka sayi na biyu tun ranar, kun dai san halin wutarmu. Memori ma ka saya a wurin wanda ka yarda da shi, jabu sun yi yawa, kuma ranar da kake tsakiyar aiki suke nuna halinsu.

Lensi ya fi jikin kyamara muhimmanci

Yawanci za ta zo da lensi 18-55mm. Yana da kyau wajen koyo. Amma wannan hoton da kake gani a Instagram na jarumai, fuska ta fito tar bayanta kuma ya narke, lensi mai faɗin ƙofa ne ke yin sa. Mafi araha a cikinsu shi ne 50mm f/1.8. Da kuɗi sun ɗan samu, shi za ka fara ƙarawa. Masu Nikon D3200 ku kula: ku nemi mai rubutun AF-S. Tsohon mai AF-D zai hau, amma ba zai nemo fokos da kansa ba, sai dai ka riƙa murɗawa da hannu.

Abubuwa uku da ke haɗa hoto

Duk hoto haske ne, kuma abu uku ke juya shi.

Akwai ƙofar haske, wadda ake rubutawa da f. Ƙaramar lamba kamar f/1.8 tana nufin ƙofar ta buɗe sosai: haske da yawa, baya ya narke. Babbar lamba kamar f/8 ƙofar ta tsuke: na gaba da na baya duk su fito. Mutum ɗaya, f/2 zuwa f/2.8. Hoton ƙawayen amarya layi biyu, f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na layin baya za su zo da ƙorafi.

Akwai saurin shota. Mutum a tsaye, kar ka sauka ƙasa da 1/125. Masu rawa a wurin biki, 1/250 zuwa 1/500. Dawakai a guje ranar Hawan Daushe, 1/1000.

Sai ISO. Da rana 100 ko 200. A ɗaki ko da magariba 800 zuwa 1600. Idan ka wuce haka a waɗannan tsofaffin, hoton zai fara yin kamar an watsa masa yashi.

Kar ka ce sai ka fara da M don a ce ka iya. Ka murɗa zuwa Av a Canon ko A a Nikon, kai ka zaɓi ƙofar haske da ISO, ita ta zaɓi sauri, kana lura da lambar da ta ba ka. Bayan sati biyu ko uku za ka ga ka fara cankar lambar kafin ta nuna.

Ranarmu da fatarmu

Wannan ɓangaren ba kasafai za ka ji shi a bidiyon Turawa na YouTube ba. Ranar Arewa tana da zafi, daga ƙarfe 11 zuwa 3 tana dukan mutum ta ka, sai ido ya faɗa rami, ƙarƙashin hanci ya yi baƙi, goshi ya yi ta ƙyalli. Lokacin hoto shi ne da sassafe ko bayan la'asar zuwa dab da magariba. Idan dole sai da tsakar rana, ka kai mutumin inuwa, bakin zaure ko gindin bishiya, ya fuskanci inda haske ke shigowa.

Sai matsalar farar shadda. Kyamara idan ta ga fari da yawa sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuskar ango ta koma duhu. Maganinsa maɓallin nan mai alamar +/-. Ka ƙara +0.7 ko +1, ka duba fuskar, ka kuma duba kar aikin wuyan rigar ya ɓace. Fuska ake fara kallo a hoto, ita za ka fara gyarawa.

Ba ka da kuɗin fitilun situdiyo? Ka samu kwali babba ka manna masa farar takarda ko takardar azurfa ta naɗe abinci, ƙaninka ya riƙe maka ta ɓangaren da ke da duhu. Za ka sha mamakin yadda fuska za ta cika.

Filashar da ke kan kyamara kuwa, ka rage dogaro da ita. Tana sa fuska ta yi fayau, hoda ta fito fari fat.

Ka mayar da kallon fim makaranta

Mu da muke kwana kallon Labarina da bidiyoyin su Hamisu Breaker da Ado Gwanja, muna da makaranta kyauta. Duk inda wani shot ya burge ka, ka tsayar ka tambayi kanka: ta ina haske ya zo? Ina aka ajiye idon jarumin a allon? Me ke bayansa? Za ka lura sau da yawa ba a tsakiya ake sa mutum ba, ana ɗan karkatar da shi gefe a bar fili ta inda yake kallo. Washegari ka kira abokinka ku gwada irinsa a unguwa. Kullum fokos a kan ido, kuma ka duba baya kafin ka danna, kar falwaya ta tsiro a kan mutum.

Wajen gyara, Snapseed da Lightroom na waya sun ishe ka. Don Allah a bar wa mutane kalar fatarsu, a daina mayar da kowa Balarabe.

Kula da kaya, kula da mutunci

Lokacin hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba. Kar ka canja lensi a fili, ka shiga ɗaki ko mota, bakin kyamarar yana kallon ƙasa. Da damina kuma laima ce ke kawo fumfuna, sai ka jefa 'yan ƙunshin nan na silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi a jakarka. Kar ka goge gilashi da bakin riga.

Abu na ƙarshe ya fi duk na baya nauyi. Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, musamman mata da yara, kuma ka sake neman izini kafin ka ɗora a intanet. Hoto ɗaya da ya fita daga wurin kamu ba da sanin masu shi ba yana iya tayar da rigima a gidan aure, kai kuma sunanka ya ɓaci a garin gaba ɗaya. Wuraren jami'an tsaro ma ka kiyaye su. Mai hoton da aka yarda da amanarsa shi ake sake kira.

Ga aikin da zan ba ku na wannan satin: mutum ɗaya, wuri ɗaya, ku ɗauke shi ƙarfe 7 na safe, 1 na rana da 5 na yamma, ku jera hotunan ku kalla. Wanda bai sayi kyamara ba tukuna ya yi da wayarsa, darasin ɗaya ne. A rubutu na gaba in sha Allahu za mu taɓa yadda ake ɗaukar bidiyon waƙa da irin waɗannan kyamarori.