Aikin Gayya a Fagen Binciken Kimiyya

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, idan noma ya fi ƙarfin magidanci yakan kira gayya, maƙwabta su taru su nome masa gonar a yini ɗaya. Irin wannan dabarar masana kimiyya kan ara a yayin da bincike ya yi faɗin da mutum ɗaya ba zai iya kewaye shi ba. Wato sukan rarraba aikin tattara bayanai ga ɗimbin jama'a waɗanda ba ƙwararru ba, su kuma su tace abin da aka kawo.

2.0 Misalin Yaƙi da Kurkunu

Kurkunu cuta ce da ake ɗauka ta hanyar shan ruwan tafki ko kududdufi, tsutsar kuma ba ta ɓullowa sai bayan kimanin shekara guda. Da yake cutar karkara ce, asibitocin birni ba su san yawan masu fama da ita ba. A shekarun 1988 da 1989 aka bi Nijeriya ƙauye-ƙauye ana ƙidaya, aka sami mutane fiye da 650,000 masu ɗauke da ita. Daga nan aka horar da 'yan sa-kai daga cikin mazauna ƙauyukan, suna rubuta duk wanda ya kamu, suna miƙa rahoto kowane wata. Da waɗannan rahotanni aka gane inda ya kamata a kai ƙyallen tace ruwa da rijiyoyin burtsatse. A 2008 aka ga mai cutar na ƙarshe a ƙasar, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu.

3.0 Sharuɗɗan Nasara

Yawan hannu kaɗai ba ya wadatarwa. Dole ne a sauƙaƙa tambayar yadda kowa zai fahimta, a kuma yi amfani da tsarin rubutu iri ɗaya. Haka nan wajibi ne masani ya tantance rahoto kafin ya karɓa, domin ba kowane gyambo ne kurkunu ba. Rahoton ƙarya yana ɓarnatar da dukiya, wanda aka ɓoye kuwa yana iya mayar da cuta cikin gari.

4.0 Kammalawa

Hausawa kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibin da zai tattara sunayen itatuwa ko kalmomin sana'a a yankinsu yana buƙatar manoma da maharba da ungozomomi, amma tantancewa tana wuyansa.

Jinga: Kawo sharuɗɗa uku na nasarar binciken gayya, tare da misalai daga garinku.