Abin lura kafin a sauya wa mota sifirin

A Turai da Amurka, masu sha'awar motoci kan cire sifirin da mota ta zo da shi daga kamfani, su sa gajere domin ta ƙara kusantar ƙasa.

Kamfanoni irin su Eibach da H&R na ƙasar Jamus suna ƙera sifirin da ke sauke mota da kimanin milimita 25 zuwa 40. Idan nauyin mota ya yi ƙasa, ba ta karkata sosai a kwana.

Sai dai gajeren sifirin ya fi tauri, don haka fasinja zai riƙa jin kowane gargada a jikinsa. Haka kuma yakan gajiyar da shokozoba da wuri, musamman wadda ta tsufa. Shi ya sa ake son a sauya su tare, sannan a sake daidaita ƙafafun motar, in ba haka ba tayoyi za su cinye ta gefe guda.

Yanke sifirin domin a rage masa tsawo yana da haɗari, saboda yana iya gocewa daga mazauninsa ana cikin gudu.

A Jamus, dole ne kayan su kasance da takardar amincewa, a Birtaniya kuwa wajibi ne a sanar da kamfanin inshora.

Uwa uba, hanya ce ke yanke hukunci. Inda ramuka da tudun rage gudu suka yawaita, motar da aka sauke tana iya buga ƙasan inji ko salansa, abin da kan jawo asarar da ta fi kuɗin sifirin ɗin.