Piya-piya, Daga Ɗakin Kwana Zuwa Buhun Wake

Abin da ake ɗurawa a 'yan ƙananan kwalabe ana sayarwa a tasha da bakin kasuwa da sunan piya-piya, yawancinsa sinadarin DDVP ne, wanda kuma shi ne ke cikin maganin ƙwari na Sniper. Yana cikin dangin magungunan ƙwari masu fosforas, kuma tun wajen 1961 ya shiga kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin masu haɗari ƙwarai.

Babbar siffarsa ita ce saurin bin iska. Ɗigo kaɗan a lungun ɗaki, tururinsa ya cika ko'ina, ya tarar da sauro a bayan labule da kuɗin cizo a tsagar gado. Wannan ya sa ake son sa. Sai dai tururin bai san bambancin ƙwaro da jariri ba.

A jikin mutum akwai wani sinadari da aikinsa shi ne share saƙon da jijiya ta aika wa tsoka, da zarar saƙon ya isa. DDVP yana ɗaure wannan sinadari, sai saƙo ya yi ta maimaituwa ba tsayawa. Nan za ka ga miyau na dalala, gumi na karyowa, ƙwayar ido ta tsuke, ga amai da zawo, tsoka na rawa. Abin da ke kisa shi ne majinar da ke cika huhu da gazawar tsokar numfashi. Ta fata ma yana shiga. Ɗura wa wanda ya sha manja ko madara, kamar yadda aka saba a gidajenmu, ɓata lokaci ne, yana ma iya sarƙe shi. Makarin wannan guba allurar atirofin ce, kuma a asibiti take.

A ƙasa da ruwa DDVP ba ya daɗewa kamar maganin ƙwari na DDT, cikin kwanaki yake rugujewa. Amma kafin nan ya gama da ƙudan zuma da kifi da ƙananan halittun ruwa, musamman inda ake wanke tankin feshi a bakin rafi.

Inda abin ya fi damuna shi ne rumbu. Ɗan kasuwa mai tsoron ƙwaro ya yayyafa shi a wake ko busasshen kifi, ya ɗaure buhu, mai saye kuwa ba ya ganin komai a kwanon awo. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar DDVP ta haura iyakarsu ta miligiram 0.01 a kowane kilo. Waken da aka ƙi a can, irinsa muke dafawa da shinkafa. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwannin yau da kullum, amma har gobe yana kan teburin masu koli.

Alhali akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar bayan bincike a arewacin Kamaru. Ledoji biyu na ciki suna toshe iska, ƙwaro ya mutu ba tare da ko ɗigon magani ba. Matsalarsa kuɗi: ya fi kwalbar piya-piya tsada, kuma ɓera ya huda shi, aikinsa ya ƙare.